Shawarar 'yan'uwa ga mai addu'ar da amsa ta yi masa jinkiri

Bayan sujadar Lahadi a wata majami'a a Zinder, wata 'yar'uwa ta faɗa da hawaye cewa ta yi watanni tana addu'a domin mijinta da ke kwance, amma ciwon sai gaba yake yi, har an sayar da geron ajiya domin sayen magani.

Shawarar da ta fi ratsa ni ita ce ta wani dattijo, wanda ya ce mata: "'Yata, kada ki ɓoye kukanki ga Ubangiji." Ya tuna mana cewa Dawuda ma ya yi ta tambayar "har yaushe" a Zabura 13, kuma Yesu ya isa Betanya ne bayan abokinsa Li'azaru ya kwana huɗu a kabari, amma duk da haka Yesu ya tashe shi. Wasu suka kawo misalin gwauruwar Luka 18, wadda ba ta gaji da zuwa wurin alƙali ba. Fasto ya yi gargaɗi cewa amsar ba lallai ta zo yadda muke so ba, domin manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya ɗauke masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, sai aka ba shi alheri ya jure.

Waɗanda suka ga ƙone majami'un garin a Janairun 2015 sun ce addu'ar haɗin gwiwa ce ta riƙe su. Aka amince a ci gaba da kai mara lafiyan asibiti, mata kuma su riƙa zuwa gidan kowace Laraba da addu'a da ɗan abin da ya samu.