Majiya, tushe ko madogara: wacce ta dace da "source"?

Editan labarai, Gombe:
Assalamu alaikum malamai. Ana rubuta darasi da Hausa don koya wa ɗaliban sakandare tace labaran da ke shigo musu ta waya, to an cije a kan kalmar Turanci "source" da kuma "reliable source". A ɗakin labarai majiya muke cewa, sai mu ƙara da "mai tushe". Damuwata ita ce an ci moriyar wannan furuci har ya sane. Wanda ya tsinci magana a teburin mai shayi a Pantami ma cewa yake majiya mai tushe ce ta shaida masa. Abu uku nake so yaro ya iya rabewa da bakinsa: inda ya ji magana, inda maganar ta faro, da kuma ko za a iya yarda da mai faɗin. Kalma ɗaya ba za ta ɗauki ukun ba. A taimaka.

Malamin nazarin harshe, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Edita, ginin kalmar da kansa ya raba gardamar. Majiya daga "ji" take, an yi mata irin ginin mashaya, mahauta da mafita, wato wurin da ake yin abu. Majiya wurin da aka ji ne kawai, ba ta yi wa kowa alkawarin gaskiya ba. Rediyo majiya ce, ƙanwar mahaifiyarka da ta turo saƙon murya majiya ce, allon sanarwar asibiti ma majiya ce. Jam'inta majiyoyi. Don haka a bar ta a matsayin kalmar gama-gari.

Tushe kuwa gindin abu ne, inda ya tsiro. Shi ya dace da inda maganar ta faro: takardar da hukuma ta sa wa hannu, hoton asali kafin a yanke shi, mutumin da abin ya faru a gabansa. Madogara a bar wa masu rubutun bincike da masu fatawa, domin ita abin da ka jingina hujjarka ne bayan ka riga ka zaɓa.

Ga na gani-da-ido da na ji-daga-wani, ba sai mun ƙirƙiri komai ba. Hausa tana da ganau da jiyau tun kaka da kakanni, kuma yaro ɗan aji uku ya san "gani ya kori ji". Majiya ganau, majiya jiyau.

Malamin hadisi, Gombe:
Allah ya ƙara basira, Malam. Ina so in ƙara cewa ɗalibanmu ba baƙi ba ne ga wannan ilimi, a Islamiyya suke fara jinsa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a bincika labarin da fasiƙi ya kawo kafin a cutar da wasu cikin jahilci. Malaman hadisi sun gindaya sharuɗɗa biyar kafin a kira ruwaya sahihiya: isnadi, wato jerin masu ruwayar, ya zama a haɗe ba gurbi, kowane mai ruwaya ya zama adali, ya zama mai kiyaye abin da ya ji, kada ruwayar ta saɓa wa ta waɗanda suka fi shi, kuma kada a sami ɓoyayyiyar illa.

A lura da na biyu da na uku, domin nan mutanenmu suka fi faɗawa. Adalci daban, kiyayewa daban. Dattijo mai tsoron Allah da bai taɓa ƙarya ba yana iya turo maka labarin ƙanzon kurege, saboda shi ma turo masa aka yi, bai san wanda ya fara ba. Mutuncinsa bai wanke labarin ba.

Shawarata kada a ɗauko isnadi da da'ifi da maudu'i a saka wa labaran siyasa, suna da gidansu. Amma silsila kalma ce da Bahaushe ya saba da ita, a ce silsilar labari, wato jerin bakunan da ya bi kafin ya iso gare ka.

Mai bin diddigin labarai, Bauchi:
Allah ya gafarta Malam, silsila ta zauna daram. Bari in gwada kalmomin a kan aiki, don a nan ake gane wadda za ta rayu.

A ce cikin watan Agusta saƙo ya shigo WhatsApp da hoton ruwa ya shanye gidaje, an rubuta cewa madatsar Dadin Kowa ta ɓalle, mutanen Yamaltu Deba su gudu. Majiyarka ita ce wanda ya turo. Tambayar farko gare shi: ganau ne kai ko jiyau? In ya ce turo masa aka yi, duba saman saƙon. Kibiya ɗaya na nufin an tura shi daga wani wuri. Kibiya biyu na nufin ya bi hannu aƙalla biyar, kuma tun 2020 WhatsApp ba ya barin a tura irinsa sai ga wuri ɗaya a lokaci guda. Wannan alama ba ta ce ƙarya ne ba, ta dai nuna silsilar ta yi tsawo kuma farkonta ya ɓace.

Sai hoton. Ka saka shi a Google Lens ko TinEye, manhajojin neman asalin hoto, ka nemi mafi tsufan wurin da ya bayyana. Idan ka tarar da shi cikin rahotannin Satumban 2024 lokacin da ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri, to ka kai tushe, kuma tushen ya ƙaryata rubutun da aka liƙa masa. Da yawa daga cikin hotunan yaudara haka suke: hoton gaske ne, wuri da rana aka sauya. In bidiyo ne, tsayar da shi ka ɗauki hoton fuskar waya sau uku ko huɗu a wurare daban, ka bincika kowanne, ka duba lambar mota, rubutun shago da harshen da ake yi a bayan fage. Daga nan ka kira wani da ke Dadin Kowa, ka duba ko hukumar agajin gaggawa ta jiha ta ce wani abu.

Akwai wata cuta da ba mu sa mata suna ba. Mutum zai ce ya ga labari a shafuka goma, don haka ya tabbata. In ka bi su sai ka tarar jimlolin iri ɗaya ne, har kuskuren rubutu ɗaya, domin duk daga shafi guda suka kwafa. Goman nan majiya ɗaya ce. Ina ba da shawarar a kira su majiyoyin amsa-kuwwa. Ƙa'idar aiki ita ce majiyoyi biyu aƙalla waɗanda ba su ji daga juna ba.

Kuma kada a raina abin. A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙon a yi wanka da ruwan gishiri a sha ya zagaye Najeriya cikin dare ɗaya, mutane suka kwanta asibiti, aka yi asarar rai. Kowa daga masoyinsa ya ji.

Malamar aikin jarida, Gombe:
Na yarda da amsa-kuwwa, ƙanena, yara za su kama ta nan take. Amma ina da ja a kan a fassara "reliable source" da majiya mai tushe, ko da an wanke ta. Mai tushe tana nuna an san inda maganar ta fito. Sanin asali bai isa a yarda ba. Sanarwar kakakin jam'iyya tana da tushe sarai, ga suna ga sa hannu, amma mai ita yana da abin da yake karewa. Ni dai abar dogaro nake so, majiya abar dogaro, kuma a koya wa ɗalibi cewa dogaron a kan fanni yake. Hukumar hasashen yanayi NiMet abar dogaro ce a hasashen damina, hukumar yaƙi da cututtuka NCDC a ɓarkewar cuta, hukumar zaɓe INEC a sakamakon da ta bayyana. Likita ba madogara ba ne a farashin masara a kasuwar Kumo, dillalin hatsi ya fi shi. Idan kuma hukuma tana cikin rigimar da ake ba da labarinta, maganarta ta zama ta ɓangare ɗaya, a nemi ɗayan.

Ganau ma yana kuskure. Wanda ke tsaye a bakin titi ya ga haɗari, amma ƙidayar waɗanda suka rasu asibiti ne zai ba da ita. Tambayoyin auna majiya huɗu ne a wurina: wane ne shi, ta yaya ya sani, me zai samu in na yarda, kuma in ya yi kuskure yana fitowa ya gyara? Na ƙarshen nan ne ke raba gidan jarida na gaske da shafin neman mabiya, wanda sai dai ya goge ya yi shiru. A kuma gargaɗi yara a kan shuɗin maki da ke jikin suna, yanzu da kuɗi ake samunsa a X da Facebook. Shafin hukumar Najeriya a duba ko adireshinsa ya ƙare da gov.ng, domin masu damfarar ɗaukar aiki suna kwaikwayon tambari su sauya harafi ɗaya.

Malamin nazarin harshe, Bauchi:
Hajiya ta yi daidai, a janye mai tushe daga wannan gurbi. A rubuce a tsaya a kan abar dogaro tunda majiya mace ce, ko da yake a bakin mutanenmu na Bauchi abin dogaro za ka fi ji. Ingantacciyar majiya ma ba laifi, sai dai tana sa a ɗauka an yi mata hatimi na har abada.

Editan labarai, Gombe:
Madalla. To ga abin da zai shiga darasin: majiya ga duk inda aka ji, tushe ga inda maganar ta faro, silsilar labari ga hanyar da ta bi, ganau da jiyau, majiyoyin amsa-kuwwa, sai majiya abar dogaro. Mai tushe za ta tsaya a ma'anarta ta wadda aka san asalinta. Saura wadda ta ƙi a faɗi sunanta. Muna cewa "ta nemi a sakaya sunanta", shin sakayayyiyar majiya ta yi?

Malamar aikin jarida, Gombe:
Ta yi, Edita, da sharaɗi. Sakayayyiya ita ce wadda ɗan jarida da editansa suka san ta, aka ɓoye ta don tsaron ranta ko aikinta, kuma aka faɗa wa mai karatu matsayinta, kamar a ce ma'aikacin jinya a asibitin da abin ya faru. Wadda babu wanda ya san ta, irin ta "an ce" da "wai", a rubuta mata majiya marar asali, a sa su a shafi ɗaya da misalin kowacce don ɗalibi ya ga bambancin.