Tambaya: Ta yaya abincin Kirsimeti zai shiga gidan maƙwabci Musulmi ba a mayar da shi ba?

Dattawa da iyayenmu mata na zumunta, ana neman shawararku. Markus 12:31 ta ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, Luka 10 kuma ta nuna cewa Basamariye ne ya zama maƙwabcin, ba ɗan gida ba. A Sakkwato kuwa, daga Mabera har Gawon Nama, maƙwabcin Kirista galibi Musulmi ne. Wurin aikatawa ake cijewa.

Idan an kai shinkafa da miya ranar 25 ga Disamba, wasu sukan karɓa da godiya, amma kwanon ya dawo ba a taɓa naman ba. Yanka ne matsalar. Suratul Ma'ida aya ta 5 ta halatta abincin Ahlul Kitabi, duk da haka mutum yana son ya san wa ya sa wuƙa, da tukunyar da aka dafa. To, kiran mahauci Musulmi ya yanka ragon a gaban maƙwabta ya wadatar? Ko a bar dafaffe, a kai ɗanyar shinkafa mudu biyu da kwalbar man gyaɗa da cincin?

Ɗaya ɓangaren ya fi wuya, don a cikin ikilisiya yake. Akwai masu ƙin naman layya suna kafa hujja da Ayyukan Manzanni 15:29, wadda ta hana cin abin da aka yanka wa gumaka, alhali Musulmi ba ga gunki yake yanka ba. Mayar da naman na ɓata zumuncin shekaru. Fastoci, yaya kuke koyar da Romawa 14, mai magana kan kada a hukunta juna saboda abinci, a nan ba tare da an tilasta wa lamirin kowa ba?