Hankalina ba ya zama wuri ɗaya, ga jarrabawa ta ƙarato

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin, don Allah a sakaya sunana. Ina aji biyu a jami'a, kuma abin da ke damuna tun ina firamare yanzu ya fi ƙarfina. Sai in yi ta maimaita shafi guda, idona na bin layi amma hankalina ya tafi wani wuri. A ɗakin lacca, ƙarar fanka ko wani na ƙwanƙwasa biro a tebur ya isa ya raba ni da maganar malami. Aikin da aka ba mu ba na iya farawa sai daren da za a miƙa. Amma in darasi ya ja ni, sai in kwana a kansa ko abinci ban tuna ba. A gida cewa ake yi lalaci ne. Wata ƙawata ta ce abin ya yi kama da ADHD, wato lalurar kasa tsayar da hankali wuri ɗaya. Ina tsoron zuwa asibiti a ce taɓin hankali ne, ina kuma tsoron faɗuwa. Yaya zan yi?

Wata ma'aikaciyar lafiya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, ADHD ba hauka ba ne, ba kuma ƙarancin basira ba. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa maida hankali da lokaci, kuma sau da yawa gado ne. Sai dai kada ki yanke wa kanki hukunci da bidiyon TikTok, domin rashin barci, ƙarancin jini da ciwon damuwa duk suna kawo irin wannan. Ki ga likitan ƙwaƙwalwa. Bisa littafin DSM-5 na 2013, wanda likitocin ƙwaƙwalwa ke bi wajen gano lalura, ba a cewa ADHD ne sai alamun sun fara kafin shekara 12, kuma suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta. Don haka ki tafi da tsofaffin takardun sakamakonki da wanda ya san ƙuruciyarki. Mata da yawa ba a gano nasu da wuri saboda ba sa tsalle-tsalle a aji. Sai a ce yarinya ce mai shiru, alhali hankalinta ba ya wajen.

Wani malamin jami'a: Malama ta faɗi gaskiya. Abin da ke ci mini rai shi ne ɗalibai ba sa zuwa sai sakamako ya fito. Da zarar kin sami takardar likita, ki kai ofishin kula da harkokin ɗalibai kafin a fitar da jadawalin jarrabawa. Ki rubuta abin da kike buƙata dalla-dalla: ƙarin lokaci, ɗaki mara hayaniya, izinin naɗar lacca. Ba roƙon alfarma kike yi ba. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan masu buƙata ta musamman ya tanadi irin wannan sauƙi har a manyan makarantu, ko da yake aiwatarwa ta bambanta daga jami'a zuwa jami'a.

Wani ɗalibi: Ni galahanga gare ni, 'yar'uwa, na san wannan tsoron. Ba kowa za ki faɗa wa ba, sai wanda zai yi miki amfani. Kafin takarda ta fito, ki sa abin toshe kunne, ki zauna a gaba, ki riƙa karatu kusa da wata mai karatu ko da ba darasinku ɗaya ba. Duk bayan minti 25 na karatu ki tashi ki motsa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti, ta yaya zan shawo kan Mama ta raka ni?

Ma'aikaciyar lafiya: Kada ki fara da sunan lalurar. Ki ce mata karatu na ba ki wahala, likita kuma yana son jin yadda kike tun kina ƙarama, ita ce ta fi kowa sani. Bayanin ki bar wa likita ya yi mata da bakinsa.