Ƙaramin gidan FM da intanet: a rage awannin iska ko a haɗa su biyun?

Sabon Manaja:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana da ke wannan zaure. A ɗauka ƙaramin gidan rediyo ne mai tiransimita kilowat 1, yana buɗewa da asuba ya rufe ƙarfe 11 na dare, wato kusan awa 18. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, dizal kuwa dama shi ke cinye kuɗin talla, ga matasa sun koma Facebook da TikTok. Masu gidan suna ganin a rage awannin FM zuwa shida, ragowar a riƙa watsawa ta intanet kawai. Shin hakan zai fitar? Waɗanne kaya ake buƙata, kuma ina matsala ta fi ɓullowa?

Injiniyan Sauti:

Wa alaikumus salam, Malam Manaja. Kafin a yi maganar kaya, a fara da lissafi, domin FM da intanet kishiyoyin juna ne wajen kashe kuɗi. A FM, ko mutum goma ne ke saurare ko miliyan, dizal ɗin da za ka ƙona ɗaya ne, shi kuma mai saurare batiri biyu kawai ya saya. A intanet kowane mai saurare yana jan nasa sautin daban: kai ka biya saba, wato babbar kwamfutar da ke rarraba sautin ga masu saurare, shi ya biya data.

Ga adadin. Sauti mai kilobit 128 a daƙiƙa yana cin megabait 57.6 a awa. Mai kilobit 64 yana cin 28.8, mai 32 kuma 14.4. Wanda zai saurare ku awa biyu kullum na wata guda, a kan 128 zai kashe kusan gigabait uku da rabi, a kan 32 kuwa bai kai gigabait ɗaya ba. Kuskuren da gidaje da yawa ke yi shi ne su bar manhajar tura sauti a kan MP3 128 yadda ta zo, sai mai saurare a ƙauye ya ji sauti yana yankewa, datarsa kuma ta ƙare kafin mako, ya daina. Ga tashar da magana ta fi yawa a cikinta, tsarin matse sauti na HE-AAC a kan 32 ko 48 ya wadatar sarai. A ɓangaren saba kuma, mutum 500 a lokaci guda a kan 64 suna buƙatar megabit 32 a daƙiƙa, don haka ba a ajiye saba a sitidiyo, hayarta ake yi a wurin kamfanonin da ke bayar da manhajar saba irin Icecast ko Shoutcast. Ka tambaye su iyakar mutanen da kuɗinka ya ɗauka, don in an cika, na gaba ba zai samu shiga ba, kuma ba wanda zai gaya maka.

Kayan ba su da yawa. Kwamfuta ɗaya da ba a yin wani aiki da ita, katin sauti na USB, waya daga mikisa, da manhajar tura sauti zuwa saba irin BUTT, wadda kyauta ce. Sai layin intanet biyu na kamfanoni daban-daban. Sauri ba shi ne abin dubawa ba, tunda zaren sauti ɗaya ne tak ke fita daga sitidiyo zuwa saba. Abin dubawa shi ne kada ya riƙa tsinkewa. A kunna wa manhajar sake haɗawa da kanta, a kashe wa kwamfutar barci da sabunta kanta da tsakar rana.

Abubuwa biyu ne suka fi ɓata sauti. Na farko gurnani a ƙarƙashin murya, wanda yawanci ke zuwa idan kwamfuta da mikisa suna kan soket daban-daban, kowanne da nasa layin ƙasa. Maganinsa a haɗa su a wuta ɗaya, ko a sa ƙaramar tiransifomar raba sauti a tsakaninsu. Na biyu, ɗauko sautin daga akwatin rediyo a cusa a kwamfuta. Yana aiki, amma duk ranar da tiransimita ta mutu intanet ma ya mutu, ga shuuu ɗin iska ya biyo. A ɗauko daga mikisa kai tsaye, a bar ƙarfin sautin yana taɓa wajen -6 dB a ma'aunin sauti, kada ya kai sifiri ya fashe.

Mai Gyaran Tiransimita:

Injiniya ya gama da ɓangaren intanet. Ni dai ina ganin ba a nan ciwon yake ba. Malam Manaja, kafin a yanke awa 12 daga iska, a sa mita a auna abin da gidan ke ci. Tiransimita ta zamani mai kilowat 1 wutar da take ja ba ta wuce kilowat ɗaya da rabi ba. Ka ƙara na'urar sanyaya ɗakinta, da ta sitidiyo, da kwamfutoci da fitilu, ka tashi wajen kilowat 4. To amma sau da yawa janareton da ke ɗauke da wannan kaya mai kVA 20 ne ko fiye, wato yana aiki a kan rubu'in ƙarfinsa. Injin dizal ba ya son haka. Yana shan kusan lita 2 a awa ba tare da an mori ƙarfinsa ba, man da bai ƙone ba yana taruwa a salansa, ka ga baƙin mai yana ɗiga, zobban fistin suna daskarewa. Lita 30 ko fiye kenan a rana.

A raba wutar gida biyu. Tiransimita da sitidiyon da ke kan iska su hau inbata, ofisoshi su jira wutar kamfani. Idan nauyin kilowat 4 ne na awa 18, ana buƙatar kilowat-awa 72 a rana. A arewa ana samun kimanin awa biyar da rabi na rana mai ƙarfi, don haka faifan sola na kilowat 16 zuwa 18 zai ɗauka, an haɗa da asarar zafi da ƙura. Awa bakwai na duhu kuma kilowat-awa 28 ne, wato batiran lithiyam masu bolt 48, amfiya-awa 100, guda bakwai, saboda ba a zuƙe batir har ƙasa. Kuɗi ne mai yawa a tashi ɗaya, gaskiya ne. Ana iya farawa da faifai kawai don yini, janareto ya riƙe dare, daga baya a ƙara batir.

Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko kwabo: rage ƙarfin tiransimita zuwa wat 500 a lokutan da saurare ya yi ƙasa. Rabin ƙarfi ragin dB 3 ne kacal, mutanen cikin gari ba za su ji bambanci ba, sai na can bakin iyaka. Nisan da FM ke kaiwa tsawon hasumiya ne ya fi yanke shi: ka ninka tushen murabba'in tsawon a mita da 4.1, ka samu kilomita. Hasumiya mai mita 60 kusan kilomita 32 kenan, mai mita 100 kuma 41. Shi ya sa wanda ya sayi kilowat 5 ya ɗora eriya a kan gajeriyar hasumiya dizal kawai yake ƙonawa.

A kuma riƙa duba VSWR, wato ma'aunin ƙarfin da ke dawowa daga eriya, kowace safiya, a rubuta a littafi. In ya haura 1.5, akwai matsala a eriya ko kebul, kuma tiransimita za ta rage ƙarfinta da kanta don kare kanta, kai kana zaton tana kan kilowat 1. Da damina ruwa ne ke shiga mahaɗin kebul idan ba a naɗe shi da kyau ba. Da hunturu ƙura ce ke toshe matatar iska, na'ura ta yi zafi ta ɗauke. Wanke matatar iskar duk mako ya fi sayen sabon faifan ƙara ƙarfi araha nesa ba kusa ba.

Hajiya Mai Shirye-shirye:

Sannunku da ƙoƙari, injiniyoyi. Ƙanena Manaja, tambayi sashen talla: wa ke biyan kuɗi a gidan? Mai sanarwar rasuwa da ɗaurin aure, mai cigiya, ɗan siyasar da ya sayi fili, attajirin da ya ɗauki nauyin tafsiri da azumi. Duk waɗannan kunnen mutanen gari suke saya, mai shayi da direba da matar da ke tsakar gida tana aiki rediyo na gefenta. Ran da ka rage iska zuwa awa shida, farashin filinka ya faɗi, kuɗin lasisi kuma bai ragu ba. Kada a manta a watan Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi, kafin ta dakatar da matakin. In ma za a rage awanni, a sanar da ita a rubuce.

Kuɗin intanet kuwa ba ya zuwa da wuri. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma abin da ake biya kan masu kallo daga ƙasashenmu kaɗan ne. Abin da ya fi saurin kawo kuɗi shi ne a sayar wa mai talla fili biyu a haɗe, na iska da na shafi.

A nan na ɗan saɓa wa Injiniya. Matashi ba zai zauna awa biyu yana sauraren zaren sauti ba, ko da kilobit nawa ne. Guntaye yake so. A sa mutum ɗaya aikinsa kawai yanka: daga shirin awa guda ya ciro minti biyu zuwa uku inda magana ta yi zafi, a sa tambarin gida da kwanan wata a jiki, a saki kafin awa biyu su wuce. Kwanan watan nan dole ne, don bayan shekara wani zai tono guntun ya ce yau aka faɗa. In za a yi bidiyo kai tsaye ta manhajar OBS, a tanadi megabit 3 zuwa 4 na aikawa, kuma a fitar wa intanet sautin da babu waƙoƙi a ciki, domin na'urorin Facebook da YouTube suna gane waƙa mai haƙƙin mallaka, su toshe sautin ko su sauke shirin. Shirye-shiryen da kuke karɓowa daga tashoshin waje ma a duba yarjejeniya, izinin FM ba lallai ya haɗa da intanet ba.

Sai saƙon murya na WhatsApp. Kada a ɗora shi a iska sai furodusa ya saurara daga farko har ƙarshe, ya kira lambar ya tabbatar da mai ita. Yanzu ana ƙirƙirar muryar mutum da kwamfuta, kuma in ƙarya ta fita ta mitarku, gidan ne zai amsa tambaya.

Na Maraɗi:

Gaisuwa ga manya. Ƙari kaɗan daga wannan ɓangaren iyaka. Kowace hanya ana iya rufe ta. A Nijar an dakatar da RFI a watan Agustan 2023, BBC kuma a Disamban 2024 na wata uku, tashoshin da ke karɓar shirye-shiryensu suka wayi gari da giɓi a jadawali. A Zamfara kuma layukan waya aka rufe a Satumban 2021, aka koma ga akwatin rediyo. Wanda ya riƙe hanya ɗaya tak, ranar da aka toshe ta ya yi shiru.

Ga mutanen karkara, fayil ya fi zaren sauti na kai tsaye amfani. Shirin minti biyar a MP3 mai kilobit 32 megabait 1.2 ne kacal. Mutum ɗaya ya sauke a kasuwa, ya tura wa goma ta Bluetooth ko katin memori ba tare da data ba. Ƙananan wayoyi masu madannai kuma yawancinsu da FM suke zuwa, manyan wayoyi masu tsada ne suka yar da shi.

Injiniyan Sauti:

Hajiya ta yi gaskiya a kan guntaye, na karɓa. Abu ɗaya na manta, kuma da azumi zai iya jawo muku surutu: jinkiri. Sautin intanet yana isa bayan na FM da daƙiƙa 10 zuwa 30, bidiyon kai tsaye wani lokaci ya fi haka. A shan ruwa da sauƙi, mutum ya ɗan makara ne kawai, amma a sahur wanda ke jiran kiran sallar asuba ta waya zai ci gaba da ci bayan alfijir ya keto. Ga kuma mai saurare a Jidda ko Kumasi da lokacinsa daban ne gaba ɗaya. Mai gabatarwa ya riƙa faɗin sunan garin da lokacin ya shafa, ya kuma ja hankalin masu bi ta intanet su dogara da masallacin unguwarsu.

Wannan jinkirin ne kuma ke rikita shirin kiran waya. Mai kira yana jin tambaya a makare, ya amsa a makare, muryarsa ta dawo masa. A ce masa ya kashe abin da yake saurare da shi, ya ji ta wayar kawai, a mikisa kuma a cire muryarsa daga layin da ke komawa gare shi. A yi gwajin wannan da wayar wani ma'aikaci daga wajen sitidiyo tun kafin a buɗe layi.