Agogon Baba: orijinal ne, kuma in sake fentin fuskar?

Salamu alaikum ƴan uwa. Agogon mahaifina ne, Allah jiƙanshi, Seiko 5 da ya zo da shi daga Makka a 1979, shekaru yana cikin adaka sai bana munka hiddo shi. Yana tahiya in ka girgiza shi, amma fuskar ta yi tabo-tabo kamar tsatsa wajen ƙarfe 4, wani mai gyara ya ce in ba shi jika goma ya sake fentinta ta dawo sabuwa, wani kuma ya ce ƙila ma ba orijinal ba ne. Wanda ya taɓa shiga irin wannan don Allah ya ba ni haske.

Ɗan Mokoyo: Allah jiƙan Baba. Kada ka bari a taɓa shi tukun, juya bayanshi. Akwai lamba biyu, ta farko irin 7009 da tsinke da wasu huɗu, wannan injin ne da gidan. Ka duba ƙasan fuskar dab da ƙarfe 6 da gilashin masu gyara, akwai rubutu ƙanana, lambar injin ta nan dole ta zo ɗaya da ta baya, in an buɗe kuma ita za ka gani bisa injin. Lamba ta biyun da ke bayan mai guda shida ce, na farko lambar ƙarshe ce ta shekarar da anka ƙera shi na biyu wata, O Oktoba, N Nuwamba, D Disamba. Ni haka na gane nawa haɗe-haɗe ne, baya 6309 ciki 7009, na saye shi wajen wani mai tebur don launin ja ya burge ni, ashe irin waɗanda ake sake fenti ne a Indiya a turo.

Wata daga unguwar Ali Ɗan Sofo: Ɗan uwa ni kuskuren nan na yi da Rado na mijina marigayi, na ba da anka yi fenti. Da ya dawo ya yi fari tas amma rubutun ya yi kauri, harafi ɗaya ya karkace, ɗigon mintoci ba su hau daidai ba, kuma ƴar alamar Rado mai siffar ankar jirgin ruwa da ke juyawa bisa fuskar ta daskare. Har yau in na buɗe akwatin sai raina ya ɓaci, don ba shi ne agogon da na saba gani hannunshi ba.

Mai gyara a Babbar Kasuwa: Hajiya Allah ba da haƙuri. Shekaruna da yawa a aikin ga, tabon nan raɓa ce, ruwan alwala ke shiga ta wajen abin murɗawa in robar ta mutu, sai ya ci man da ke bisa fentin. Ba ya wankuwa, in ka sa ruwa ko alkol rubutun ne zai bi auduga. Ni dai in hura ƙura da ƴar roba, in dangwale datti a hankali, in canza gilashi da robobin, in wanke injin in zuba mai. Sau da yawa rabin munin na gilashin ne da ya karce. Abu guda kuma, agogon da ya girmi shekarun 1960 abin haskenshi na dare kan zama radiyom, wani sinadari mai hidda tururin nukiliya, yana da illa ko ya daina haske, kada a kankare shi ko a hura da baki. Wanda anka rubuta T SWISS T wannan tiritiyom ne, wani sinadarin hasken dare na daban, ƙarfinshi na raguwa da rabi duk shekara 12 da ɗoriya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba, 7009 ne baya da gaba, lambar ta fara da 8N, ke nan Nuwamba 1978, ya yi daidai da hajjin Baba, wallahi sai da hawaye ya zo mini. Fuskar zan bar ta yadda take da tabonta. Malam mai gyara gobe bayan azahar zan kawo ma shi a canza gilashin.