Draya ta kaya: injin shanya za mu ce ko injin busarwa?

Jama'a ina so mu tsaya a kan kalma ɗaya yau, wannan injin da ake zuba jiƙaƙƙun kaya a ciki bayan an gama wanki ya yi ta juya su da iska mai zafi har su bushe, wanda yawancinmu muke ce wa draya ko diraya. Ba wai ina ƙin aron kalma ba ne, ai inji ma aro ne, tawul aro ne, minti da awa duk aro ne kuma sun zauna daram a bakinmu. Damuwata da draya ita ce abu har huɗu muke kira da ita. Na busar da gashi draya, na busar da hannu a banɗaki draya, ɗan kwandon nan na gefen injin wanki mai baki biyu wanda yake juyawa da gudu shi ma draya, sannan ga babban mai zafi da nake magana a kai. Toh sai mutum ya tambaya "wai draya minti nawa take ɗauka ne?" wani ya ce masa minti 5, wani ya ce awa 3, kuma kowa gaskiya ya faɗa don ba abu ɗaya suke nufi ba.

Shi ya sa kafin mu je ga suna sai mun raba aiki biyu. Wancan kwandon mai gudu babu zafi a cikinsa ko kaɗan, juyawa kawai yake da ƙarfi ruwan ya yi ta fita ta ƴan hudojin jikinsa, wato matsa yake yi, abin da hannu yake yi in an murɗe riga. Kaya in sun fito daga nan sun tsane ne, ba su bushe ba. Kuma kun ga Hausa ta riga ta raba mana su: kaya su jiƙe sharkaf, a matse su, su tsane, su sha iska, su bushe da ɗan danshi, su bushe ƙayau. Don haka wancan a ce masa mamatsi ko kwandon matsa a wuce wajen, babu rigima a kansa.

Rigimar tana kan babban. Sunayen da na ji ana kawowa ga su. Akwai na'urar busar da tufafi, wannan daidai ne ɗari bisa ɗari, ya dace da labarai da takardar bayanin kaya, amma ku faɗa min tsakani da Allah wa zai ce wa ƙaninsa "je ka kwaso min kaya daga na'urar busar da tufafi"? Kafin ka gama faɗa yaro ya ce draya. Wani ɗan'uwa ya ce a bi hanyar mabuɗi da madubi da matsefi a ce mabushi, to Malam, kalmar mabushi tana da mai ita tuntuni, mai busa ne, na algaita ko ƙaho ko sarewa, ba za mu ƙwace masa suna ba. Mabusari kuma baki ba ya ɗaukarsa, ku gwada faɗa sau uku ku ji. Mashanya kalma ce mai daɗi kuma tana nan da ranta, sai dai wuri take nufi, kamar marina da majema da mahauta, wajen da ake yin aikin ba abin da ake yi da shi ba. Da a ce ɗakin da aka ajiye injin muke nema wa suna da na ce a ba shi mashanya yanzu-yanzu.

Saura biyu, injin busarwa da injin shanya. Ni dai ina bayan injin shanya, kuma na san abin da za a ce min don an riga an faɗa, wata Hajiya ta ce shanya ai bazawa ce, ka baza abu a igiya ko a ƙasa rana da iska su yi aikinsu, shi kuwa wannan cusa kayan ake yi a rufe ƙofa, ina bazawa a nan? Hajiya maganarki tana da ƙarfi, in asalin kalmar za a bi kin fi ni hujja. Amma ki duba yadda muke sa wa kayan aiki suna. Wanki, ɗauraya, matsa, shanya, guga, haka aikin yake tafiya a jere, kuma injin da ya karɓi mataki sunan matakin yake ɗauka. Injin wanki ba ya cuɗa da hannu amma mun ce injin wanki. Dutsen guga na lantarki babu dutse a jikinsa kuma har gobe dutsen guga ne. Wanda ya zo bayan injin wanki ya karɓi aikin igiya, in aka ce injin shanya ko wanda bai taɓa ganinsa ba zai gane na kaya ne. Injin busarwa kuwa dole a tambaye ka busar da me, gashi ko hatsi ko fenti, sai ka ƙara "na kaya", kalma ta sake tsawo, mun koma inda muka baro.

Ko waɗanda suka fara sayar da shi ma da rana suka haɗa shi. A Amurka wani mai suna J. Ross Moore ya ƙera irin mai gangar da ke juyawa, kamfanin Hamilton ya fitar da shi kasuwa a 1938 da sunan June Day, wato yini na watan Yuni, lokacin da rana take da kyau a can.

Ku gwada shi a magana ku ji. "Sa kayan a injin shanya." "Injin shanyan ya gama?" "Wannan rigar ba a sa ta a injin shanya, tana tsukewa." Ni a kunnena ya zauna.

Yanzu mu koma tambayar lokaci, don a nan ne za ku ga suna ɗaya bai isa ba, sai kowane iri ya samu laƙabinsa.

Na farko shi ne mai bututu. Hita tana ɗumama iska, fanka ta tura ta cikin ganga, ta ratsa kayan ta kwashi danshi, sannan a fitar da ita waje ta wani faffaɗan bututu da ake bi da shi ta bango ko taga. Shi ne mafi sauri. Kayan yau da kullum, riguna da wanduna marasa kauri, minti 40 zuwa awa ɗaya yawanci sun bushe, musamman manyan na Amurka da suke jan wuta wajen wat 5,000 ko masu aiki da gas. Na Turai sun fi ƙanƙanta, hitarsu wajen wat 2,000 zuwa 2,500 ce, don haka cikakken lodin auduga yakan kai awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Kun ga ko a iri ɗaya ma amsar ta rabu.

Na biyu mai tanki. Shi ba ya fitar da iskar waje, sanyaya ta yake a ciki sai tururin ya koma ruwa ya taru a wani tanki da ake zarowa a zubar, ko a haɗa masa tiyo ya zuba da kansa. Amfaninsa ba sai an fasa bango ba. Lokacinsa ya ɗan ɗara na mai bututu, kuma yana ɗumama ɗakin da yake ciki, in ɗakin ƙarami ne a rufe sai aikin ya ƙara ja.

Na uku shi ne ya fi ba ni wahala wajen suna. In aka fassara sunansa na Turanci, heat pump, kai tsaye sai a ce mai famfon zafi, kuma duk Bahaushen da ya ji famfo ruwa zai tuna, zai ɗauka ruwan zafi yake fitarwa. Abin da ke cikinsa irin na firij ne, kwampreso da gas mai zagayawa, ɓangare ɗaya yana sanyi ya tsotse ruwan da ke cikin iskar, ɗaya ɓangaren yana zafi ya sake ɗumama iskar nan dai ya mayar da ita kan kaya, zafin ba ya tafiya a banza. Na ji an ce mai juya zafi, ba laifi, ma'anar ta fito, amma ni na fi son mai kwampreso don shi ne abin da mai gyara zai fara faɗa in ya buɗe bayansa, kuma shi ne ya raba shi da mai tanki tunda shi ma yana da tankin. Wannan zafinsa wajen digiri 50 ne, sauran kuwa sukan kai 70 ko sama da haka, shi ya sa yake jan awa 2 zuwa 3, wani lokaci har fiye in tawul ne ko jins. Mutane da yawa in sun saya sai su ce ya lalace ne, alhali haka aka yi shi, yana cin wajen rabin wutar da sauran ke ci ko ƙasa da haka kuma bai cika cinye kaya ba. Sai dai in wurin da aka ajiye shi akwai sanyi sosai yana ƙara nawa.

Akwai kuma wanda aka haɗa wanki da shanya a ganga ɗaya, wannan mai biyu kawai za a ce masa. Abin lura a kansa shi ne kilon da yake wankewa ya fi kilon da yake busarwa, za ka ga an rubuta 8 da 5 ko 9 da 6, in ka cika shi wajen wanki sai ka rage kaya kafin shanya in ba haka ba ka yini kana jira.

Kuma duk waɗannan lokutan da na faɗa, rabin labarin a wajen matsa yake, shi ya sa na nace tun farko a raba kalmomin. Injin wanki da ya matse kaya da juyi 1,000 a minti yakan bar ruwa kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin busassun kayan in auduga ne, wato kilo 8 na kaya suna ɗauke da ruwa kusan lita 5. In ya matse da juyi 1,400 sai ya sauko wajen kashi 50, lita 4 ke nan. Wannan litar guda da ta ragu ba ƙaramin abu ba ce, don mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi yana cin sama da rabin yunit na wuta, ga mintocin da za ta ƙara. Matsa tana cire ruwa da arha cikin ƴan mintoci, zafi yana cire shi da tsada a hankali. Wanda ya wanke da hannu ya murɗe ya jefa a injin shanya yana ɗiga, kar ya yi mamaki in awa biyu ta wuce bai gama ba.

Sai yawan lodi. Kayan suna bukatar fili su tashi su faɗo iska ta shiga tsakaninsu, in ka danƙara ganga har baki sai su dunƙule, waje ya bushe ciki na jiƙe, zanin gado ma ya fi kowa wannan hali, yakan naɗe ƙananan kaya a cikinsa ya hana su shan iska. Haɗa tawul da ƴan riguna marasa nauyi shi ma ɓata lokaci ne, marasa nauyin su bushe tun minti 20 ko 30 su ci gaba da gasuwa suna jiran tawul. Sababbin injina suna da wasu ƙarafa biyu siriri a cikin ganga kusa da ƙofa da suke jin jiƙar kaya in sun taɓa su, inji ya tsaya da kansa in sun bushe, wannan ma'aunin danshi ne sunansa babu gardama. Shi ne dalilin da ya sa lambar da ke kan allo take canjawa, ya rubuta saura minti 15 sai ka dawo ka ga ya koma 25, ƙiyasi yake yi ba alƙawari ba. In sabulun laushi, wanda ake sawa don kaya su yi laushi, ya yi wa ƙarafan nan rufi sai su daina ji daidai, a goge su da tsumma.

Abu ɗaya ne har yanzu ban samu sunan da ya kwanta min ba kuma shi ya fi muhimmanci a samu. Wannan tattausan abu mai kama da auduga, toka-toka, da yake fita daga jikin kaya ya taru a ragar da ke bakin ƙofa. Ragar dai mataci ce ko filta, duk wanda ka faɗa an gane. Amma shi abin da yake taruwa fa? Na ji ɓurɓushin zare, na ji gashin kaya, na ji audugar kaya. Ɓurɓushi yana kai hankali ga abu mai tauri da ya farfashe, gashin kaya kuma ana iya ɗauka gashin mutum ne da ya maƙale a riga, audugar kaya ta fi kusa a wajena duk da ba daga auduga kaɗai yake fita ba, bargo da suwaita ma suna zubar da shi sosai. Dalilin da ya sa na damu da shi, in ya toshe mataci ko bututu iska ba ta wucewa, kayan da ke bushewa a minti 50 sai su koma cin awa biyu, injin ya yi ta ɗaukar zafi, kuma abin yana kama wuta da sauri, yana cikin manyan abubuwan da ke jawo gobara daga irin waɗannan injina. Ana so a cire shi bayan kowane lodi, bututun ma a riƙa zare shi ana kakkaɓewa lokaci-lokaci. Gargaɗi irin wannan dole ya zo da kalmar da yaro da babba za su ji su gane nan take ba sai an yi musu dogon bayani ba. Masu saƙa da masu ɗinki da masu rini, ku da kuke tare da zare kullum, me kuke ce wa wannan abin da ke tashi daga jikin yadi ya taru a ƙasan keke?