Jakar ƙugu ta hana ni sakat a kan bishiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa maharba. Ina zaune a Ohio ta Amurka, bana na fara farautar barewa da kwari da baka daga saman bishiya, da wannan sirdin da ake ɗaurawa a ƙugu, mutum ya rataya da igiya, ƙafafunsa a kan ɗan dandamali.

Jakar ƙugu ce ta zame mini ƙarfen ƙafa. In na ɗaura ta bisa ɗamarar sirdin, sai ta rufe zobban gefe da nake maƙala igiyar hawa, in tsaya ina lalube cikin duhun asuba. In na juyo ta gaba, ta tokare mini ciki da zarar na jingina. Ga zif ɗinta da ƙara. Ranar Asabar ina buɗewa, barewar da na yi awa 3 ina jira ta ɗaga farar jelarta ta arce.

Fitila, wuƙa, ruwa da igiyar jawo baka kawai nake zubawa ciki. In rataye ta a jikin bishiya in na hau ne, ko in koma ƙananan aljihunan da ake liƙawa a sirdin? Don Allah wanda ya saba ya taimaka.